Rumbun DNA: daga Missouri a 1985 zuwa lambar Nobel

Malamai da iyaye, yau tarihin wata dabarar kimiyya na kawo muku, domin ina ganin tana da amsa ga yaron da ke tambaya mene ne amfanin lissafin da ake koya masa a lakwal.

Furotin na jikinmu an jera shi ne da amino asid iri 20. Idan aka jera shida kawai, hanyoyin jerawar sun kai 20 sau kanta har shida, wato miliyan 64. Wa zai gwada su ɗaya bayan ɗaya don gano wanda ke manne wa wata cuta?

A 1985, George Smith na Jami'ar Missouri a Amurka ya nuna cewa idan aka cusa guntun DNA cikin wani bairas mai kama bakteriya, bairas ɗin zai fito da guntun furotin a bayansa, alhali umarnin ƙera shi na cikinsa. A 1990, shi da Jamie Scott suka gina rumbun miliyoyin irin waɗannan bairas, kowane da nasa jerin shida da aka haɗa barkatai.

Nan lissafi ya yi rana. Haruffan DNA huɗu ne: A, C, G, T, kuma kowane uku ke ba da amino asid ɗaya. Cikin haɗuwa 64, uku na nufin "tsaya", suna katse furotin. Sai suka bar gurbi na uku ga G ko T kaɗai: 4 sau 4 sau 2, wato 32. Duk iri 20 sun samu, "tsaya" ɗaya tak ta rage.

Sauran aikin kamar wankin zinariya yake. A zuba rumbun kan abin da ake hari, a wanke, a ɗauki waɗanda suka manne, a hayayyafa su cikin bakteriya, a sake.

Gregory Winter na Kambirij a Ingila ya juya dabarar kan sinadaran garkuwar jiki. Daga nan aka sami adalimumab, maganin kumburin gaɓoɓi da Amurka ta amince da shi a 2002. A 2018 Smith da Winter suka raba rabin lambar Nobel ta kimiyyar sinadarai, ɗaya rabin ya tafi ga Frances Arnold.

Shekara 17 ke tsakanin gwajin farko da maganin. Roƙona ga malamai: ku ba ƴaƴanmu wannan lissafi na miliyan 64 su yi da hannunsu, sannan ku faɗa musu abin da ya haifar.