Yadda makafi ke sarrafa kwamfuta da madannai kaɗai

Manhajar karanta fuskar kwamfuta ita ce wadda ke mayar da abin da ya bayyana a fuskar na'ura zuwa murya, ko zuwa rubutun makafi na Braille. Da ita mai larurar gani yake rubuta takarda, ya aika saƙo, ya karanta labarai ba tare da ɗan jagora ba. Linzamin kwamfuta ba ya amfanar wanda ba ya ganin kibiyar da ake tuƙawa da shi, saboda haka dukan aikin yana komawa kan allon madannai.

Asali da ire-irenta

JAWS na daga cikin tsofaffin manhajojin. Ted Henter, Ba'amurken da ya makance a haɗarin mota, shi ya jagoranci ƙirƙirarta, ta fito a 1989, sannan samfurinta na Windows ya biyo baya a 1995. Sayen ta ake yi. A 2006 Michael Curran, wani makaho ɗan Ostareliya, ya fara rubuta NVDA, daga baya James Teh, shi ma makaho, ya haɗa hannu da shi. Kyauta ake sauke ta, kuma ana iya ɗora ta a filas a yi aiki da ita a kowace kwamfuta mai Windows. Akwai kuma waɗanda ke zuwa a cikin na'ura: Narrator a Windows, VoiceOver a kayan Apple, TalkBack a wayoyin Android.

Matsaya

A kowane lokaci akwai abu guda a fuskar kwamfuta da ke karɓar umarnin madannai, ko maɓalli ne, ko gurbin rubutu, ko sunan fayil. Wannan ita ce matsaya. Duk inda ta koma, manhajar za ta faɗi sunan abin da irinsa da halin da yake ciki. Tab yana kai matsaya gaba, Shift da Tab su dawo da ita baya, kibiyoyi na yawo cikin jeri, Enter kuma ya zartar. Yatsu suna gane mazauninsu ne da ɗan tudun da ke kan haruffan F da J.

Buɗe manhaja a Windows

Ana tayar da NVDA da Ctrl da Alt da N a danne tare, Narrator kuwa da Ctrl da Windows da Enter. Daga nan hanya mafi sauƙi ita ce a danna maɓallin Windows, a rubuta farkon sunan manhajar da ake nema, a saurari abin da aka karanto, in shi ne a danna Enter. Windows da D suna kai mutum kan tebur, inda danna harafin farko na suna ke kai matsaya kan alamar manhajar. Windows da R suna buɗe ɗan akwatin umarni, wanda rubuta notepad a cikinsa ke buɗe manhajar rubutu. Alt da Tab suna sauya tsakanin tagogin da ke buɗe, Alt da F4 su rufe wadda ake ciki.

NVDA tana da maɓallinta na musamman, wato Insert, ko Caps Lock ga wanda ya zaɓa. Shi da T suna faɗin sunan tagar da ake ciki. Shi da lamba 1 suna kunna yanayin koyo, inda duk maɓallin da aka taɓa za a faɗi aikinsa ba tare da an zartar ba. Ctrl kaɗai yana katse magana. A shafin intanet kuwa harafi guda ya isa: H yana tsallakawa zuwa kanun rubutu na gaba, K zuwa mahaɗi, E zuwa gurbin rubutu.

Inda hanya ke yankewa

Manhajar ba ta iya karanta abin da maginin shafi bai sa wa suna ba. Hoton da ba a rubuta bayaninsa ba, maɓallin da Tab ba ya kaiwa gare shi, takardar da aka ɗauki hotonta aka ɗora, da gwajin tantancewa na zaɓen hotuna, duka suna tsayar da makaho komai ƙwarewarsa. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka fara fitarwa a 1999, sun tanadi cewa duk aikin da ke shafi ya zama ana iya yin sa da madannai.

A Najeriya, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta nemi hukumomin gwamnati su yi iyakar ƙoƙari wajen ganin aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu masu nakasa ne. Da yake neman aiki da gurbin karatu da tallafi duk sun koma intanet, cikar wannan tanadi ta rataya a kan ko makaho zai iya cike fom ɗin da kansa. Kowa na iya gwada shafin hukumar da ta shafe shi: ya ajiye linzami, ya bi fom ɗin da Tab daga farko har maɓallin aikawa, ya ga ko zai isa.