Gidan Talaka a Ma'aunin Tarihi: Batun Tsofaffin Unguwannin Gaya

A Saltaire, kusa da Bradford a Ingila, akwai jerin gidajen dutse manne da juna, waɗanda attajiri Titus Salt ya fara gina wa ma'aikatan masaƙarsa a shekarun 1850. Gidajen leburori ne, amma a yau doka ta hana mai gida sauya fasalinsu sai da izini, kuma UNESCO ta sanya garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Tun 1967 dokar Ingila ta ba da damar kare unguwa sukutum.

A Nijeriya, aikin kare gine-ginen tarihi yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da aka kafa a 1979, kuma hankalinta a Kano ya fi karkata ga manyan gine-gine irin su Gidan Makama da ganuwa. Gaya kuwa, garin da tarihin baka ke cewa daga cikinsa maƙeran Abagayawa suka nufi Dala neman tama, dukiyarta tana cikin lunguna: zaure, soro, rufin azara, zanko da indararo. Haka abin yake a ƙauyukan Ajingi, inda bulo da kwano ke maye gurbin tubali.

Masu adawa da kariya suna da hujja. Dutse yana jure sakaci na shekaru, ginin ƙasa kuwa sai da yaɓe kafin damina, ga azara ta yi tsada. Rabon gado ma yakan raba gida ɗaya kashi-kashi, kowane magaji da nasa shirin. Hana rushewa kaɗai zai bar mai gida da katangar da ba ya iya gyarawa.

Sai dai Agadas ta nuna ana iyawa: tsohon garinta na ƙasa, har da gidajen jama'a, ya shiga jerin UNESCO a 2013. Abin da ya dace da Gaya shi ne kariya mai tafe da tallafi. Masarautar Gaya, wadda dokar 2024 ta haɗa mata Gaya da Ajingi da Albasu, tana da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane zaure. Da su za a ƙidaya gidajen, a tallafa wa masu su da kuɗin yaɓe, a kuma biya tsofaffin magina su koya wa matasa ɗaurin guga da haɗa makuba.