Tantance Ƙwayoyin Maiƙo ta Hanyar Auna Nauyinsu

Tantance ƙwayoyin maiƙo ta hanyar auna nauyinsu dabara ce ta kimiyyar sinadarai da ake bi domin gano ire-iren maiƙon da ke cikin jini, nono, tsoka ko tsaba. Akan fara da tatso maiƙon daga samfurin da haɗin sinadaran kulorofom da metanol, kamar yadda Jordi Folch da abokan aikinsa suka tsara a 1957, sannan a fesa ruwan ta wani siririn bututu mai ɗauke da lantarki domin ƙwayoyin su ɗauki caji, dabarar da ta sa John Fenn na Amurka ya shiga cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2002. Daga nan na'urar auna nauyi tana rarrabe ƙwayoyin gwargwadon nauyinsu da cajinsu, amma da yake ƙwayoyi mabambanta sukan zo da nauyi ɗaya, tilas a farfasa su a auna gutsattsarin kafin a tabbatar da kowace, kuma a nan ne wahalar aikin take.

Hanyar ta shafi yankin Matazu, Malumfashi da Funtuwa, inda aka daɗe ana noman gyaɗa da auduga. Man gyaɗa yana da yawan sinadaran olik da linolik, wato nau'o'in maiƙo biyu masu zama ruwa-ruwa, yayin da man angurya ke ɗauke da malbalik da sitakulik, waɗanda babu su a gyaɗa, saboda haka ganinsu a man gyaɗa ta wannan hanya shaida ce cewa an yi masa algus.