Murhun Itace da Matsalar Girmansa a Tarihin Ƙasashen Sanyi

A ƙasashen da ƙanƙara take rufe ƙasa watanni huɗu ko biyar a shekara, murhun ɗumama ɗaki yana cikin kayan da rayuwar gida ta rataya a kansu, kuma tambayar da mai saye yake fara yi a yau ita ce wane girma ne ya dace da ɗakinsa. Tambayar ba ta kai al'adar jin ɗumin wuta tsufa ba ko kusa, domin ta taso ne a lokacin da murhu ya bar hannun magini ya koma hannun masu zubin ƙarfe, ya zama hajar da ake ƙerawa a masana'anta ba tare da maƙerin ya taɓa ganin ɗakin da za a kafa shi ba.

A farkon zamanin tsakiya na Turai wuta a tsakiyar ɗaki ake hura ta, hayaƙi ya nemi hanyarsa ta jinka ko ta wata kafa a rufi, har zuwa wajen ƙarni na 12 lokacin da gidajen sarakuna da manyan attajirai suka fara gina murhu a jikin bango tare da bututun hayaƙi, abin da bai game gidajen talakawan Ingila ba sai a ƙarni na 16. Bututun ya raba mutane da hayaƙi amma ya zo da nasa aibin, domin yana zuƙe iskar ɗakin da ta riga ta yi ɗumi ya fitar da ita waje, sanyi kuma ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya maye gurbinta, ta yadda abin da ke zama a ɗaki daga zafin itacen da aka ƙona bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. A irin wannan murhu babu wata maganar girma da za ta dami mai gida, tun da maganin sanyi ɗaya ne, wato a ƙara itace a kuma matso kusa.

Ƙarancin itace ne ya tilasta wa mutane yin tunani. Tun daga zamanin tsakiya mazauna yankin duwatsun Alps da ƙasashen Jamusawa suna gina rufaffen murhu na yumɓu da tayil wanda suke kira kachelofen, ana zuba masa itace daga ɗakin girki ko daga soro domin kada hayaƙi ya shiga ɗakin zama. Da yanayin Turai ya ƙara sanyi tsakanin ƙarni na 16 da na 19, yawan jama'a ya ƙaru, masu narka tama kuma suka yi ta cinye dazuzzuka don neman gawayi, sai tsimin itace ya zama fanni mai zaman kansa da ake rubuta littattafai a kansa, kamar wanda Franz Kessler ya buga a 1618. A 1763 Sarki Frederick na Furusiya ya sa gasa don a fito da murhun da ya fi kowane ƙarancin cin itace, sannan a 1767 hukumar Suwidin ta ɗora wa Carl Johan Cronstedt, masanin zanen gini, da Fabian Wrede, hafsan soja, irin wannan aiki. Abin da suka fito da shi murhu ne mai tsayi wanda hayaƙi ba ya ficewa daga cikinsa kai tsaye, sai ya bi hanyoyi biyar da aka gina a cikin bulo, ya hau ya sauko ya sake hawa, yana barin zafinsa a jikin ginin kafin ya kai ga bututu.

Yadda ake amfani da wannan murhu shi ne abin lura. Ana cika shi da busasshen itace, a bar wa wuta iska ta ci da ƙarfi na awa ɗaya ko biyu, idan ya rage garwashi kawai kuma ya gama cinyewa sai a rufe ƙofar bututu, daga nan bulon da ya sha zafi ya yi ta sakinsa a hankali na tsawon rabin yini ko fiye. Wanda ya san yadda katangar ginin ƙasa mai kauri take shan rana da yini ta kwana tana fitar da ɗumi a daren hunturu ya riga ya fahimci asalin dabarar. Tun da magini ne yake zuwa gidan, ya duba faɗin ɗakin da tsayin rufinsa da yawan tagoginsa kafin ya aza tubalin farko, girman murhu yana fitowa ne daga ɗakin kansa, kuma ko da ya ɗan zarce abin da ake bukata ba ya cutarwa, saboda ƙarin bulo yana ƙara tsawon lokacin ɗumi ne kawai, jikin murhun kuwa ba ya yin zafin da zai ƙona hannu. A ƙauyukan Rasha murhun bulo yakan cinye wani babban yanki na ɗakin, a yi girki da gashin burodi a cikinsa, tsofaffi da yara su kwana a kansa. A wannan al'ada, cewa babba ya fi ƙarami magana ce mai tushe.

Ƙarfe ya sauya wannan lissafi. Jamusawa sun fara haɗa murhu da fallayen zubin ƙarfe tun ƙarshen ƙarni na 15, waɗanda suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania kuma suka tafi da sana'ar, kuma a can ne Benjamin Franklin ya tsara nasa murhun a farkon shekarun 1740, ya buga ɗan littafin bayaninsa a 1744, ya kuma ƙi karɓar haƙƙin mallakar ƙirar da gwamna ya yi masa tayi. Sunansa ya fi murhunsa nasara, domin tsarin da ya yi na tilasta wa hayaƙi ya fara sauka kafin ya hau ba ya jan iska yadda ya kamata, sai da wasu, ciki har da David Rittenhouse, suka gyara shi. A ƙarni na 19 ne sana'ar ta bunƙasa sosai, inda biranen Albany da Troy na jihar New York suka zama cibiyar zubin murhu, kamfanin Jøtul a Nowe da na Morsø a Danmak kuma dukkansu suka kafu a 1853. Kowace ƙira ana fitar da ita a girma daban-daban masu lamba, mai saye ya duba littafin haja ya nuna wadda yake so.

Bambancin da ke tsakanin ƙarfe da bulo shi ne ƙarfe ba ya ajiya. Yana ɗaukar zafi cikin mintuna, ya watsa shi nan take, ya huce da zarar wuta ta mutu, don haka zafin da ɗaki yake samu a kowane lokaci daidai yake da wutar da ke ci a wannan lokacin. Hukuncin da a da magini yake yankewa da idon gwaninta ya dawo kan mai gida, wanda shi kuma ya gaji tsoron sanyi daga kakanninsa, ya kuma gaji tunanin cewa babban murhu ya fi aminci. Illar wannan ba ta bayyana da wuri ba, saboda murhun ƙarni na 19 yana shan iska ta kowace mahaɗa, gidajen kuma suna zubar da zafi ta katako da tagogi, kuma kafin a yi nisa kwal, sannan man fetur da iskar gas, suka kori itace daga yawancin gidajen birni.

Matsalar ta fito fili bayan 1973, lokacin da takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba ya ninka farashin mai, Amurkawa da yawa suka koma ga itace. A jihar Oregon wani mai walda, Bob Fisher, ya fara haɗa murhu da faranti mai kauri na ƙarfe wanda aka like mahaɗarsa yadda iska ba ta shiga sai ta 'yan ƙofofin da ake murɗawa, ya kuma ba wa girma uku sunayen Papa Bear da Mama Bear da Baby Bear, kamfanin Vermont Castings kuma ya biyo baya a 1975 da nasa na zubi. Abin da ya ja hankalin masu saye shi ne alkawarin wuta mai kwana, wato a cika murhu da gungume da dare, a toshe iska, a tashi da safe a tarar da garwashi. Wannan ya sa kowa neman murhu mai babban ciki, ko da ɗakinsa ƙarami ne.

Domin a gane abin da ya biyo baya dole a san yadda itace yake ci. Da farko ruwan da ke cikinsa ne yake fita, sannan zafi ya sa ya saki wani tururi mai cin wuta, wanda shi ne ake gani a matsayin harshen wuta idan ya kama, ko hayaƙi idan bai kama ba, daga ƙarshe gawayin da ya rage ya cinye. Fiye da rabin ƙarfin itace yana cikin wannan tururi, kuma ba ya kamawa sai cikin murhu ya kai zafin digiri 600 ko kusa da haka tare da isasshiyar iska. Mai babban murhu a ƙaramin ɗaki ba zai iya barin wuta ta ci haka ba, domin cikin rabin awa ɗakin zai gagari zama har a kai ga buɗe taga ana tsakiyar ƙanƙara, don haka sai ya shaƙe iskar, wutar ta koma cin ƙasa-ƙasa. Alamomin a bayyane suke ga mai sharar bututu: gilashin ƙofar murhu ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi mai kauri yana kwantawa a kan unguwa da asuba, cikin bututun kuma ya yi kunkunniya, a ƙarƙashinta wani daskararren abu mai sheƙi kamar kwalta da ake kira kiriyosot, wanda hayaƙi yake bari idan ya huce kafin ya fita. Ranar da wannan ya kama, bututun yakan yi ruri, zafinsa ya haura digiri 1,000, ya tsaga bulo ya kai ga katakon rufi. Ƙaramin murhu a babban ɗaki shi ma yana da nasa laifin, tun da ana tilasta masa ci fiye da ƙima har fallayensa su lanƙwashe ko su tsage, amma wannan kuskure bai kai na farko yawa ba.

Hayaƙin ne ya jawo hukuma cikin maganar. Oregon ta hana sayar da murhun da ba a gwada ba daga 1986, hukumar kare muhalli ta tarayyar Amurka kuma ta kafa ƙa'idarta a 1988, wadda daga 1990 ta iyakance ƙurar hayaƙi ga giram 7.5 a awa ɗaya ga murhu na gama-gari, aka rage zuwa 4.5 a 2015, sannan zuwa 2 ko 2.5 a 2020 gwargwadon irin itacen gwajin. Tarayyar Turai da Birtaniya sun fara aiki da tasu ƙa'idar a farkon 2022. Maƙera sun cimma waɗannan iyakoki ta hanyar shigo da iska mai zafi ta biyu a saman wuta don ta ƙone hayaƙin, ko kuma sanya wani allo mai ramuka kamar saƙar zuma da aka shafa wa ƙarfe mai daraja, wanda yake sa hayaƙi ya kama a zafin da bai kai na da ba. Murhun zamani yana iya barin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na zafin itace a ɗaki, amma da sharaɗin ya ci a cikin iyakar da aka ƙera shi dominta, kuma wannan sharaɗi ne ya mayar da zaɓin girma abin lissafi.

Ana auna ƙarfin murhu da kilowat a Turai, wato yawan zafin da yake fitarwa a lokaci guda, kuma masu kafa murhu a Birtaniya suna da wata ƙa'ida ta kusan-kusan: a ninka tsawon ɗaki da faɗinsa da tsayinsa a mita, a raba da 14. Ɗaki mai mita 5 da 4 da tsayin mita 2.5 yana da kubik mita 50, wanda yake ba da kilowat 3.6, wato murhu mai kilowat 4 ya wadatar, amma idan tsohon gida ne mai zubar da zafi akan raba da 10 a sami 5, idan kuma sabo ne da aka cusa wa bangonsa abin tare zafi akan raba da 25 a sami 2 kacal. Ɗaki ɗaya ke nan da amsa uku, wanda yake nuna cewa bango da taga sun fi faɗin ƙasa faɗa a ji. Lambar da ke jikin murhu ita ma sakamakon gwaji ce da busasshen itace, wanda ruwansa bai wuce kashi 20 cikin ɗari ba kuma kilo ɗayansa yake ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat 4 na awa guda, alhali ɗanyen da aka sare yanzu kusan rabinsa ruwa ne, shi ya sa Ingila ta taƙaita sayar da ɗanyen itace a ƙananan ɗauri daga 2021. Dokar gini ta Ingila kuma tana neman a buɗe kafar shigar iska idan murhu ya wuce kilowat 5 a tsohon gida, abin da ya sa wannan girman ya cika kasuwar ƙasar.

Sababbin gidajen arewacin Turai sun kai matsalar wani mataki, domin gidan da aka gina bisa ƙa'idar tsimin makamashi mafi tsanani ba ya bukatar fiye da wat 10 a kan kowace murabba'in mita, ma'ana gida mai murabba'in mita 150 kilowat ɗaya da rabi ya ishe shi a ranar da ta fi sanyi, alhali ƙananan murhun ƙarfe da ke kasuwa yawanci daga kilowat 3 ko 4 suke farawa, kuma da wuya a hura wutar itace da ta gaza haka ta ci da tsabta. Saboda haka masu irin waɗannan gidaje a Finlan da Ostiriya da Jamus suke komawa ga murhu mai nauyi na bulo ko na wani dutse mai laushi da ake haƙowa a gabashin Finlan, ko kuma su haɗa murhun da tankin ruwa wanda yake karɓar rarar zafin ya raba shi ga sauran ɗakuna.