Me ya sa ɗaliban likitancin haƙori ke rage sauraron majiyyaci yayin da karatu ya yi nisa?

Abin da masana ke aunawa a wannan fanni ya bambanta da tausayi irin na zuci. Suna nufin iyawar likita ya gane abin da ke damun majiyyaci, tsoronsa da damuwarsa, kuma ya nuna masa cewa ya gane.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi ya fito ne daga makarantar likitanci ta Jefferson da ke Filadelfiya a Amurka, inda Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa suka wallafa shi a 2001. Jimloli 20 ne, ɗalibi yana bayyana ko ya yarda da kowace daga mataki na 1 zuwa na 7, makin kuma yana kamawa daga 20 zuwa 140.

A 2005, Sherman da Cramer sun gwada shi a kan ɗaliban haƙori na Jami'ar Washington da ke Seattle. 'Yan aji ɗaya ne suka fi maki, waɗanda suka girme su a karatu kuwa makinsu ya yi ƙasa. A 2009 Hojat ya ga makamancin haka a ɗaliban likitanci, inda raguwar ta fi bayyana a shekara ta uku, daidai lokacin da suke fara shiga ɗakunan jinya.

Tsarin koyarwar yana da hannu a ciki. Ɗalibi kan fara koyon aiki a kan kai na roba, wanda ba ya jin zafi kuma ba ya yin tambaya. Daga baya, a makarantu da yawa, sai an ƙidaya masa haƙoran da ya cike da waɗanda ya cire kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. A irin wannan hali, ba wuya mai ciwo ya koma lamba a takardar ƙidaya. Ga shi kuma yana kwance baki buɗe, ba damar magana, ƙarar na'ura na kaɗa masa hanji. Wanda aka yi wa gaggawa a irin wannan zama sau da yawa ba ya dawowa sai kunci ya kumbura.

Sai dai ma'aunin yana da rauni: ɗalibi ne ke ba kansa maki, ba majiyyacin da ya zauna a kujerarsa ba. Shi ya sa wasu makarantu ke haɗawa da jarrabawar da ake kawo mutumin da aka horar ya yi kamar mara lafiya, malami na gefe yana lura da yadda ɗalibin ke yi masa magana.