Karatu Daga Tsakar Gida Yake Farawa

Hirarmu ta yau da iyaye take, maza da mata, musamman masu cewa: "Ni ban yi nisa a allo ba, ban shiga lakwal ba, me zan koya wa yaro? Wannan aikin mushe ne." Wannan magana tana da haɗari. Ita ce ke sa yaro ya shekara uku a aji bai iya haɗa baƙi biyu ba, daga baya a koro shi gida, a ce ba shi da kai. To, bari mu waiwayi tarihin Damagaram, mu ga inda karatu yake farawa.

Karatu ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Gidan sarautar Damagaram kansa malami ne ya kafa shi a ƙarni na 18, wato Malam Yunus. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni, ya rasu a 1884, fatake daga Barno da Kano da Tarabulus suna sauka a Zinder, wasiƙu da Larabci suna kai da komowa tsakanin fada da sauran ƙasashe. Malaman da ke rubuta waɗannan wasiƙu duk daga makarantar allo suka taso.

Ku duba yadda allo yake koyar da yaro. Ba a fara ba shi alƙalami. Da kunne yake farawa: malam ya biya masa Fatiha da gajerun surori, yana maimaitawa har su zauna. Bayan haka sai babbaƙu, sai farfaru, sannan ya koyi haɗa su. Har sunayen Hausa magabata suka raɗa wa baƙaƙen Larabci don yaro ya gane kamanninsu, kamar ha kuri, da lam jaye, da am baki wofi, wato baƙin nan mai kama da baki a buɗe. Sun gane cewa yaro da harshen da ya sani yake kama abin da bai sani ba.

Gida kuma yana da nasa rabo a wannan karatu. Uba ne ke sayen allo, ya biya kuɗin laraba. Uwa ce ke tashin yaro da asuba, ta yi tuwon sadaka in ya kai matakin da ake yi, ta saurare shi yana biya allonsa a tsakar gida. Da yawa daga cikin iyayen nan ba su iya rubuta ko baƙi guda ba, amma da ba don su ba, da malam bai sami ɗalibi ba.

Ga wani labari kuma na ɗan ƙasar nan. Wajen shekarar 1840 aka haifi wani yaro, Dorugu, a ƙauyen Dambanas. Ubansa manomi ne, kuma makaɗi. Tun yana ƙarami aka kama shi bawa, aka bi da shi har Kukawa ta Barno. A can wani Bajamushe matafiyi, Obaweg, ya ƴanta shi. Da Obaweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ɗauke shi, suka je har Tambutu, daga bisani suka isa Ingila a 1855. A can Dorugu ya zauna wurin wani malamin mishan mai suna Shon, yana ba shi tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, shi kuwa yana rubutawa. Da taimakon maganar yaron nan Shon ya wallafa nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya koyi boko, ya komo ƙasar Hausa, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano, inda ya rasu a 1912.

Jama'a, ku tsaya ku yi tunani. Yaron da aka raba da iyayensa ba da ko tsinke a hannu ba, me ya tafi da shi? Ya tafi da Hausar da ya tsotsa, da labarun da kunnensa ya ɗauka a gida da dandali da kan hanya. Wannan guzuri shi ya zama ɗaya daga cikin tushen littattafan Hausa na farko a rubutun boko.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka mai da Zinder babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, sai suka zo da lakwal wadda ba a jin komai a cikinta sai Faransanci. Yaro ya bar Hausarsa a bakin ƙofa, in ya yi ta a ciki a hore shi. A nan ne igiya ta tsinke tsakanin gida da makaranta. Uwa ba ta jin abin da ɗanta ke biyawa, uba ba ya iya duba kayensa. Tun daga lokacin iyaye suka saba da cewa boko ba ruwansu ne ba.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 aka soma ƙulla igiyar. A 1963 aka kafa aikin yaƙi da jahilci na manya a Nijar. A 1966 masana suka taru a Bamako, suka daidaita baƙaƙen rubuta Hausa da wasu harsunan Afirka ta Yamma. A 1973 kuma, a nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin ya shiga Faransanci. Binciken da aka yi daga baya ya nuna yaran irin waɗannan makarantu sun fi saurin kama karatu. Abin da malaman allo suka gane tun da daɗewa ke nan.

To, mene ne namu a yau? Na farko, ku riƙa hira da yaro tun bai iya amsawa ba. Ku faɗa masa sunan abin da ke hannunku: turmi, taɓarya, guga, hauya. Yaron da ya san kalma da kunne ba ya shan wuyar gane ta a takarda.

Na biyu, kada a bar tatsuniya da kacici-kacici su mutu. In kun ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi yau, gobe ku ce shi ya ba ku. Ku tambaye shi: me ya faru da farko, me ya biyo baya?

Na uku, ku yi wasan sauti da shi. Ku ce "ba", ya kawo baba, bante, bargo. Wannan shi ne babbaƙu na baki, ba ya bukatar alli.

Na huɗu, ku bar shi ya yi zane a ƙasa da tsinke, ko a allo da gawayi. Ku nuna masa rubutun da ke jikin buhu da kwalin shayi da allon hanya. In akwai wa ko ya mai karatu a gidan, a sa shi ya rubuta wa ƙaraminsa baƙin farko na sunansa.

Na biyar, in ya komo daga makaranta, ku ce ya karanta maku abin da ya rubuta, ya fassara maku da Hausa. Ko ba ku iya ba, ku saurara. In ya yi tuntuɓe kada a kai masa hannu, domin tsoro yana kulle baki. Kuma ƴa mace a yi mata daidai da ɗa namiji, ita ce uwar masu karatun gobe.

Daga ƙarshe, wanda bai iya ba, ajin yaƙi da jahilci na jiransa. Gemu ba ya hana ilimi, kuma yaron da ya ga uwarsa da kaye a hannu ba sai an kora shi makaranta ba. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka.