Asalin Fayil ɗin da Injin Buga Kaya Ke Karantawa

Masassaƙi idan zai yi turmi, gungumen icce yake samu ya yi ta ragewa har turmi ya fito. Mai ginin tukunya kuwa da babu take farawa, tana ɗora yumɓu bisa yumɓu har tukunya ta tashi. To, injin nan da ake ce wa firintar 3D hanyar mai tukunya ya bi: yana shimfiɗa roba ko garin ƙarfe hawa-hawa, siriri bisa siriri, har abin da ake so ya tsaya da kansa. Sai dai inji ba shi da ido. Dole a rubuta masa siffar abin a cikin fayil, da irin rubutun da zai gane. Ga yadda wannan rubutu ya samo asali.

A shekarar 1983 akwai wani injiniya a Amurka, Charles Hull, yana aiki a wani ƙaramin kamfani da ke amfani da fitila mai wani irin haske wajen busar da ruwan roba a kan tebura. Sai ya yi tunani, in haske na iya daskarar da shimfiɗa ɗaya, me zai hana a jera dubu bisa juna? Ya yi ta gwaji har ya fitar da wani ɗan ƙaramin kofi. A 1986 aka ba shi takardar mallakar fasaha, ya kuma kafa kamfanin 3D Systems a Kalifoniya.

Inji ya samu, saura abin da zai karanta. A 1987 aka fito wa kamfanin da tsarin fayil mai suna STL. Dabarar mai sauƙi ce. Duk abin da aka zana a kwamfuta, sai a lulluɓe bayansa da ƙananan alwatika, kamar an ɗinka masa riga da ƙyallaye masu kusurwa uku-uku. Kowace alwatika a rubuta inda kusurwoyinta uku suke, da gefen da ke kallon waje. Shi ke nan. Abu mai lanƙwasa kamar ƙwallo, gwargwadon yawan alwatikarsa gwargwadon santsinsa. Saboda sauƙin nan, sauran masu ƙera injuna suka ɗauka, STL ya zama harshen kasuwa.

Amma yana da giɓi. Ba ya faɗin launi, ba ya faɗin ko da roba za a yi ko da ƙarfe, kuma ba ya faɗin ma'auni. Zai rubuta 10, bai ce inci ko milimita ba, alhali inci ɗaya milimita 25.4 ne. Duk wanda ya taɓa aiken a auno masa hatsi a wata kasuwa ya tarar mudunsu ba irin na garinsu ba ne, ya san wannan ciwo. Muddin mai zane da mai inji suna ɗaki ɗaya, da baki za su daidaita. Da zarar nisa ya shiga tsakani, fayil ne kaɗai ɗan aike, abin da bai faɗa ba kuwa ya ɓata.

Nisan kuwa ya zo. A 2005 Adrian Bowyer na Jami'ar Bath a Ingila ya fara aikin RepRap, injin da kowa zai iya harhaɗawa a gida. Injuna suka yi araha, suka bazu cikin makarantu da shaguna. A 2009 ƙungiyar ma'aunai ta ASTM ta kafa kwamiti, a 2011 kuma aka amince da sabon tsari mai suna AMF, wanda ke ɗauke da launi da ma'auni da irin kayan da za a yi aiki da su. A 2015 sai Microsoft da HP da Autodesk da wasu kamfanoni suka haɗa kai suka fito da 3MF, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk da haka STL bai kau ba har yau, saboda kusan kowane inji ya san shi.

Amfanin wannan wahala ya fito fili. A Disambar 2014 aka aika fayil ɗin wani sifana daga ƙasa zuwa tashar sararin samaniya, 'yan sama jannati suka buga shi a can. A Maris na 2020, lokacin korona, wani asibiti a yankin Brescia na Italiya ya rasa bawul na na'urar numfashi, injiniyoyin kamfanin Isinnova suka zana shi suka buga, majinyata suka samu iska.

Wannan shi ne asalin abin. Kaya da a da sai an jira jirgi ya kawo, yau zanensa ne ke tafiya ta intanet, a ƙera shi a inda ake bukata. Sharaɗin dai shi ne mai aikawa da mai karɓa su yarda da mudu ɗaya.